Yadda Dangin Wake Ke Tallafa wa Ciyawa a Ƙasa Mai Gishiri

A wuraren noman rani, ruwan da ake shayar da gona yakan ƙafe ya bar gishirinsa a ƙasa. Idan gishirin ya taru, saiwar tsiro takan kasa zuƙo ruwa ko da akwai danshi, kuma ɗaukar sinadarin naitirojin yakan yi mata wuya. A nan ne dangin ciyawa, har da shinkafa da alkama da dawa, suke tsumburewa.

Tsirran dangin wake kuwa suna da wata baiwa. A saiwoyinsu akwai 'yan ƙulalai inda ƙwayoyin bakteriya masu suna Rizobiyum suke zaune. Su ne ke kamo naitirojin daga iska, wadda kashi 78 cikin ɗari nata naitirojin ne, su mayar da shi abincin tsiro. Wani ɓangare yakan tsatsafo daga saiwa, wani kuma sai ƙulalan sun ruɓe, sa'annan ciyawar da ke maƙwabtaka ta samu rabonta.

Da wannan naitirojin ne ciyawa ke haɗa sinadarin furolin, wanda ke taimaka wa ƙwayoyin jikinta su riƙe ruwa. Inuwar ganyen maƙwabcin kuma takan rage ƙafewar da ke jawo gishiri sama.

Sai dai gishiri mai yawa yakan hana ƙulalan fitowa, don haka ba kowane ɗan dangin wake zai yi wannan aiki ba. Shi ya sa manoman kwarin kogin Indus a Pakistan suke zaɓen dangin zamarke, mai jure gishiri, domin farfaɗo da gonakinsu.