Doki, Jaki da Shok ɗin Gaban Keken Tsauni

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon doki ya san kuɗin sayensa shi ne mafi sauƙi a cikin hidimarsa. Ranar da aka kawo shi aka ɗaure a turke, ranar aljihun maigida ke fara yoyo: ga harawa, ga dusa, ga dawa da kanwa, ga yaron da zai share barga ya yi masa wanka, ga mai duba kofato. A yi sakacin wata uku kawai, dokin da ya cika ido a hawan sallah sai ka ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa. Jakin maƙwabta kuwa ko a jikinsa. Ya ci kara, ya yi birgima a toka, da asuba a ɗora masa mangala ya nufi gona, haka zai yi shekara da shekaru ba wanda ya tambayi lafiyarsa.

Wannan lissafin nake so mai sha'awar keken tsauni ya riƙe kafin ya zuba kuɗi a kan fok mai shok, wato ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ke riƙe da tayar gaba, wanda ke nutsewa ya taso idan an hau dutse ko an faɗa rami. Masu saye kan tambayi wanne ya fi ƙarko, wanne ya fi cin kuɗinsa. Amsar takan dogara ne da irin bargar da mutum ke da ita.

Abin da ke cikinsa ba shi da wuyar fahimta. Bututu biyu masu santsi suna shiga suna fita a cikin ƙafafu biyu na ƙasa. A gefe ɗaya akwai abin da ke ɗaukar nauyi, ko dai sifirin na ƙarfe ko iskar da aka matse da famfo. A ɗaya gefen akwai mai da ake tilasta wa bi ta ƙananan kafofi, shi ne ke hana keken yin tsalle bayan ya daki dutse. A bakin kowace ƙafa akwai robar da ke share ƙura, ƙarƙashinta akwai zoben soso mai riƙe da mai, sai bushin da bututun ke zamewa a kai. Waɗannan 'yan ƙananan abubuwa na bakin ƙafa, masu arahar gaske, su ke yanke wa fok hukuncin tsawon kwanansa.

Mutanen da suka ƙirƙiro wasan keken tsauni ba su san shok ba. A shekarun 1970, a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya a Amurka, su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly tsofaffin kekuna masu faɗin taya suke gangarowa da su daga tsauni, hannu da gwiwa ke shan duk wata jijjiga. Sai a 1989 Paul Turner, wanda ya yi aikin kanikanci a tseren babura, ya fito da RockShox RS-1, mai aiki da iska da mai, wanda nutsewarsa ba ta wuce kamar santimita 5 ba. Da yawa sun yi masa dariya, suna cewa ƙarin nauyi ne kawai. A 1990 Greg Herbold ya ci gasar duniya ta gangaren tsauni a garin Durango na jihar Kolorado da wannan fok a gaban kekensa, dariya ta tsaya. Har a tseren Paris-Roubaix na Faransa, inda ake bin tsofaffin hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, Gilbert Duclos-Lassalle ya yi nasara a 1992 da 1993 da fok na RockShox.

Daga nan kowane kamfani ya kama tasa hanya, kuma lokaci ya nuna wa ya yi daidai. Manitou na farko da RockShox Judy sun dogara da wasu dunƙulen roba maimakon sifirin. Ba nauyi, amma robar takan sandare a lokacin sanyi, idan ta tsufa kuma ta narke ko ta farfashe. Wanda ya buɗe tsohon fok na wancan zamani yakan tarar da gari ko danƙo a ciki. Marzocchi na Italiya ya bi wata hanyar dabam da Bomber Z1, wajen 1997: sifirin na ƙarfe, nutsewar milimita 100, da mai mai yawa wanda kayan ciki ke iyo a cikinsa. Ya fi sauran nauyi, amma ya yi suna wajen jure sakaci, domin man da ke da yawa ba ya saurin lalacewa. Shi ne alfadarin wannan kasuwa: bai kai doki sauri da kyan gani ba, ya fi jaki ƙarfi, kuma ba ya yawan kwanciya ciwo.

Manyan fok na yau, irin na Fox da RockShox masu aiki da iska, su ne dawakin. Na tsere wasu nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Kana daidaita su da nauyin jikinka ta hanyar ƙara ko rage iska, ka saita saurin nutsewa da saurin tasowa. Kaurin bututun yakan fara daga milimita 32 ya kai 38 ko 40 ga masu gangaren da ke da haɗari, nutsewa kuma daga milimita 100 zuwa 200. Wanda ya taɓa sauka daga tudu mai duwatsu a kan irin wannan ya san bambancin ba na talla ba ne: taya tana manne da ƙasa, birki yana kamawa, yatsu ba sa sagewa. Farashin mafiya tsada a cikinsu ya haura dala 1,000.

To, ga harawar. RockShox ya ce a buɗe ƙafafun ƙasa a wanke a sake mai duk bayan awa 50 na tuƙi, a yi babban gyara duk awa 200. Fox ya ce awa 125 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Mai hawa awa ɗaya kullum zai cika awa 50 kafin wata biyu. Dalilin wannan takura shi ne, don a rage nauyi, man da ke cikin ƙafafun 'yan cokula ne kawai. Da ya ƙafe ko ya gurɓace, soso ya bushe, roba ta fara barin ƙura tana wucewa. Ƙurar ta haɗu da ragowar man ta zama abin gurza, tana cin rufin da aka yi wa bututun alminiyom a hankali. Mai keke ba zai ji komai ba da farko. Wata rana sai ya ga wani farin zane a tsaye a jikin bututu, alhali ɓarnar ta riga ta yi nisa a ciki. Su kuwa bututun biyu, da gadar da ta haɗa su, da sandar da ke shiga wuyan keke, a matse suke wuri ɗaya tun daga masana'anta, don haka gaba ɗaya ake canza su, da kuɗin da ke iya sa mutum ya gwammace sayen sabon fok.

A nan ne nake ganin mutane ke yi wa kaya masu tsada rashin adalci. Sai ka ji ana cewa fok na zamani ba shi da ƙarko, na da ya fi. Wanda aka kula da shi yakan yi shekara goma yana aiki, saboda kusan komai na cikinsa ana iya cirewa a sa sabo. Wanda aka bari da yunwa kuma damina biyu ta ishe shi. Laifin na mai barga ne, ko da yake su ma masu sayarwa ba su cika faɗin wannan magana da babbar murya ba.

Mu nan muna da ƙarin dalilin lura. Waɗancan awoyi ƙa'ida ce ta gama-gari, kuma kamfanonin da kansu sukan ce wanda ke tuƙi cikin ƙura ko laka ya riƙa yi kafin lokacin ya cika. Ƙurar hunturu kuwa laushinta ya isa ta shiga ko'ina. Sannan akwai ɗabi'u biyu da ke kashe shok da wuri. Ɗaya ita ce kai keke wurin wankin mota a harba masa ruwa mai ƙarfi daidai bakin roba, ruwan ya tura datti ciki. Ɗayar ita ce shafa wa bututu baƙin man inji wai don ya yi santsi, alhali ƙura kawai yake tarawa. Tsumma mai tsabta bayan kowace fita ya fi su amfani. Famfon iskarsa ma na musamman ne, ƙarami mai ma'auni, wanda ba kasafai za ka same shi a rumfar mai faci ba.

Akwai kuma wanda na fi jin haushinsa, shi ne shok ɗin ado da ake maƙala wa kekuna masu araha marasa sunan kirki. Ramammen doki ne da dillali ya lulluɓe da kayan hawa, daga nesa sai ka rantse na sarki ne. A ciki sifirin ne kawai da ɗan giris, babu man da zai tare shi, don haka yana nutsewa ya harbo ka. Bututunsa siririn ƙarfe ne da aka yi wa farin rufi, da ruwa ya shiga sai tsatsa. Nauyinsa yakan kai kilo biyu da rabi ko fiye, ninki biyu na fok na ƙarfe marar shok. Bayan 'yan watanni ko dai ya maƙale ya daina motsi, ko ya fara kaɗawa gaba da baya duk sanda aka kama birki. Mai shi ya biya kuɗin doki, yana jan nauyin doki, bai sami ko aikin jaki ba. Ban sa irin SR Suntour XCT da XCM a wannan sahu ba. Su ma masu nauyi ne, masu sifirin, amma sun san matsayinsu: an yi su don yawo da hanyoyin burji, ba don tsalle daga kan dutse ba, ana buɗe su cikin sauƙi a wanke a sa giris, kuma suna daɗewa in ba a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu ba.

Shi kuwa jaki, wato fok marar shok, kada kowa ya raina shi. Tsofaffin Raleigh da Phoenix da suka yi wa iyayenmu dakon buhunan hatsi zuwa kasuwar ƙauye ba su da wani abu mai motsi a gaba da zai lalace. Akwai ma wata shaida da ta fi wannan. SRAM, kamfanin da ya sayi RockShox a 2002, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, F.K. Day, shi ne ya shiga gaba aka kafa ƙungiyar World Bicycle Relief a 2005. Da suka zo ƙera keken Buffalo don karkarar Afirka, wanda kujerar kayansa ke ɗaukar kilo 100, ba su sa masa shok ba sam. Mutumin da ke da manyan dawaki a bargarsa, da ya tashi aika abin hawa ga ɗalibai da manoma da ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin Zambiya da Kenya, jaki ya aika, domin ya san wa zai yi gyaran da kuma da me.

Mafi yawan kekunan tsauni da ke shigo mana 'yan Kwatano ne, kuma a cikinsu akan dace da fok na gaske a farashin da bai kai rabin darajarsa ba. Mai sayen doki yakan buɗe bakinsa ya duba haƙori, ya ɗaga ƙafa ya ga kofato, bai damu da adon sirdi ba. Kai ma goge bututun ka bi shi da farce, in farce ya maƙale a wani zane ko ka ga rufin ya kode, ka rage tayi sosai ko ka wuce. Kama birkin gaba ka girgiza keken, ka ɗora yatsa inda bututu ke shiga ƙafa, in ka ji yana bugawa to bushin ya ci. Danna shi da ƙarfi ka saki: mai lafiya yana tasowa a natse, wanda ya harbo da ƙara kuwa mansa ya ƙare ko babu shi tun asali. Ka duba ko mai na tsattsafowa a bakin roba, ka duba gada ko akwai tsagewa. Fok mai tsagewa ba abin ciniki ba ne ko da kyauta, don karyewarsa a gangare fuska ce ke fara isa ƙasa.

Wanda ke tunanin canza wa tsohon kekensa fok ya auna tukuna. Tsofaffin kekuna masu taya inci 26 wuyansu miƙaƙƙe ne, manyan fok na yanzu kuma yawancinsu na taya 27.5 ko 29 ne, sandarsu mai faɗi a ƙasa, da wani irin ƙarfen riƙe taya dabam. Sau da yawa ba za su shiga ba. Ko sun shiga, sa fok mai tsawon da ya zarce abin da aka ƙera keken dominsa yana ɗaga gaba ya takura wa wuyan keken.

Idan kana hawan duwatsun Jos ko tudun kewayen Abuja da gaske, kuma kana iya samo roba da man shok, ka kuma koyi buɗe ƙafafun da kanka ko ka san mai yi, sayi na iska na matsakaicin farashi, zai biya ka kuɗinka. Idan hanyarka burji ce mai gargada tsakanin gida da gona ko makaranta, nemi mai sifirin na kamfanin da aka sani, ko ka haƙura da marar shok ka zuba ragowar kuɗin a taya mai faɗi, ka ɗan rage mata iska. Kafin ka miƙa kuɗi, je wurin mai gyaran keken unguwarku ka nuna masa fok ɗin, ka tambaye shi ko ya taɓa buɗe irinsa. In ya ce bai taɓa ba, kuma ba ka da niyyar koyo, bar wa dillali kayansa.