Zaɓen Kayan Ɗaukar Magana da Hoto Domin Binciken Harshe da Yaƙi da Jahilci a Gundumomin Magarya da Dungas

Gundumomin Magarya da Dungas suna kudancin jahar Damagaram, a bakin iyaka da Nijeriya. Gunduma ɗaya ce a da, sai a 2011 aka ware Dungas, kuma ƙidayar 2012 ta ba su mutum fiye da 900,000 a haɗe. Akasarinsu Hausawa ne, tare da Fulani da Barebari da Buzaye. Tarihin Magarya yana haɗe da gidan sarautar Daura da ya yi hijira bayan jihadi, Dungas da Washa kuwa suna cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki. Saboda haka akwai abin ɗauka da yawa a bakin dattawan yankin, akwai kuma bukatar darussan yaƙi da jahilci waɗanda za a iya kallo a wayar salula, balle tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025.

Sa'ad da aka zo tsara kuɗin irin wannan aiki, al'ada ita ce a fara da kamara, a zuba mata mafi yawan kuɗin, sa'an nan abin da ya rage a sayi makirufo da shi. Ga mai binciken harshe wannan tsari a juye yake. Hoton da bai fita sosai ba ana iya aiki da shi. Maganar da ba ta fita ba kuwa ta salwanta, domin dattijon da ya ba da labarin kafuwar garinsu sau ɗaya ba lalle ne a sake samunsa ba.

Dalilin yana cikin harshen kansa. Ƙa'idar rubutun Hausa, tun daga taron Bamako na 1966 har zuwa dokar da aka kafa a Nijar a 1999, ba ta tilasta nuna karin sauti a rubutun yau da kullum ba, kuma yawancin abin da ake bugawa ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar "kuka" a rubuce guda ce, a baki kuwa biyu ce: kukan yaro gaɓoɓinsa biyu duk a sama suke, kukar miya kuwa gaɓarta ta biyu ƙasa take sauka. "Fari" uku ne: launi, da rashin ruwan sama, da ƙwarin da ke cin hatsi. Haka "ya tafi" yana iya zama labarin abin da ya wuce, yana iya zama umurni, gwargwadon tsawon wasalin "ya" da karinsa. Duk wannan ba a samunsa sai a cikin muryar da aka ɗauka. Idan muryar ta gurɓata, mai nazari zai cike gurbin da irin Hausarsa, ta Yamai ko ta Kano, ya rubuta abin da kunnensa ya saba ji a maimakon abin da mutumin Bande ko na Malawa ya faɗa. Wannan kuskure ne mai wuyar ganewa, domin takardar da ta fito daga gare shi tsaf take.

Abu na farko da ke kyautata murya ba tsadar na'ura ba ne, kusanci ne. Duk lokacin da nisan da ke tsakanin baki da makirufo ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6, alhali kuwa ƙarar injin niƙa da ta kabu-kabu da sautin daka a maƙwabta suna nan yadda suke. Makirufon da ke jikin kamara yana nisan mita biyu ko uku daga mai magana, don haka ƙauyen yake ɗauka, ba mutumin ba. Ƙaramin makirufon nan da ake maƙalawa a wuyan riga, kamar taƙi ɗaya daga baki, shi ne ya fi dacewa da hira da mutum guda. Sai dai a lura da babbar riga mai sitaci da mayafi, domin gogarsu tana shiga. Ga taron da mutane da yawa ke magana, kamar tatsuniya ko zaman sulhu ko wasan kiɗa, ana bukatar makirufo mai ɗaukar ɓangare biyu a tsakiyar da'ira, ban da na wuyan babban mai magana.

Iska ita ce abokiyar gaba ta biyu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ba ta kwanciya da rana, kuma soson da ake sayar da makirufo da shi ba ya tare ta. Sai rigar nan mai gashi. A nan akwai wani tarko da ya kamata a daɗe a kansa. Yawancin na'urori suna da maɓallin da ke yanke sautin ƙasa-ƙasa domin rage hurawar iska da gurnanin janareta, kuma masu ɗaukar biki suna barinsa a kunne kullum. To, muryar namiji babba tana iya sauka ƙasa da kaɗawa 100 a daƙiƙa, kuma a Hausa murya gangarowa take yi daga farkon jimla zuwa ƙarshenta, ta yadda gaɓar ƙarshe mai karin ƙasa ita ce mafi zurfi. Maɓallin da aka saita sama da wannan yana raunana daidai wurin da mai nazarin karin sauti ke son aunawa. Gara a tare iskar da riga, ko a juya mata baya a jikin katanga, a bar maɓallin a kashe. Haka ma tsarin da ke daidaita ƙarfin murya da kansa: idan mai magana ya yi shiru sai ya ɗaga hayaniyar gari, idan ya ɗaga murya wajen kirari sai ya danne ta. A saita da hannu, a kuma saurara da abin kunne tun daga farko har ƙarshe.

Na'urar ɗaukar magana mai zaman kanta, irin Zoom H5 ko Tascam DR-40, tana da fa'idar da ba a cika ambata ba, watau tana aiki da ƙananan batura irin waɗanda ake samu a kowace kasuwar mako. A ɗauki murya a tsarin WAV, awo 48,000 a daƙiƙa, bit 24, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ma'ajiyoyin sauti na duniya ke shawarta. Sa'a guda ta ɓangare biyu tana cin kimanin gigabayit 1, wanda ba kome ba ne a yau. Tsarin MP3, da saƙon murya na WhatsApp, suna zubar da wani sashe na sautin domin rage nauyi. Karin sauti yakan tsira daga wannan, amma ƙananan alamomin da ke raba "kafa" da "ƙafa", ko "daka" da "ɗaka", ko nau'o'in "r" biyu da rubutu bai raba ba, su ne ke fara dusashewa.

Ba yau wannan darasi ya fara ba a ƙasar nan. Kamarar da Jean Rouch ya fara aiki da ita wani ake yi mata da hannu, tana tsayawa kafin rabin minti, ba ta kuma ɗaukar murya. Sai da aka samu na'urar Nagra da kamara mai tafiya daidai da ita sa'an nan ya yiwu a ɗauki fim irin "Tourou et Bitti" a Simiri a 1971, a tashi ɗaya, gwargwadon abin da naɗin fim na mita 120 ke ɗauka, watau kimanin minti 11. A ayarin nan ɗaukar murya aikin mutum guda ne sukutum, kuma Moussa Hamidou ya shekara da shekaru yana yinsa. Tsare-tsaren yau sukan manta da wannan mutum na biyu, su ɗora wa mai bincike ɗaya tambaya da kamara da sauraro gaba ɗaya.

Game da kamara, maganar ba ta da yawa. Wadda ake canza wa ido tana ba da hoto mai kyau, amma duk buɗewa ƙura ce ke shiga cikinta, kuma ba a samun mai gyaranta a kusa. Yawancin kamarori an yi su ne don aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, ma'aunin da bazarar Afrilu da Mayu ke zarcewa, kuma ƙanana daga cikinsu sukan mutu da kansu idan sun yi zafi. Tsofaffi da dama kuma suna tsayawa kafin minti 30, abin da ba ya dacewa da mai ba da tarihi. Kamarar bidiyo mai ido a rufe, mai ƙofar shigar makirufo da ta abin kunne, a kan maɗori mai ƙafa uku, ta wadatar. A saita ta a hoto 25 a daƙiƙa, domin wutar lantarkin ƙasar kaɗawa 50 take yi, in ba haka ba hoton da aka ɗauka a hasken ƙwai zai riƙa ƙyaftawa. Girman 1080 ya isa. Na 4K yana iya cin gigabayit 45 a sa'a, ba tare da ya ƙara wa nazari kome ba.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci shi ne inda aka ɗora ta. Farar riga da rawani a rana suna ruɗin kamara, ta rage haske har fuska ta zama inuwa, alhali leɓuna ake son gani: baƙin "f" da leɓe biyu ake furta shi, wani ya kusa da "p", wani ya kusa da "h", kuma ido yana taimakon kunne a nan. Inuwar gawo, wanda ya yawaita a gonakin yankin kuma yake da ganye da rani, ta fi cikin zaure, inda duhu da amsa-kuwa suka haɗu, ta kuma fi ɗakin kwano nesa ba kusa ba. Kada a matso da hoto kan fuska kaɗai. Mai cewa "daga nan zuwa can" da hannu yake ƙarasa jimlarsa, kuma mai amsa "na'am" ko "ƙwarai" a gefensa yana cikin zancen. A tafa hannu sau ɗaya a gaban kamara kafin a fara, domin a samu wurin haɗa murya da hoto daga baya.

Wajen tacewa ne aikin mai bincike da na mai shirya darasi ke rabuwa, kuma wajibi ne a raba su tun a takarda. Asalin abin da aka ɗauka ba a taɓa shi: ba a yanke tari, ba a cire maimaici, ba a goge hayaniya. A kan kwafinsa ake rubuta magana da manhajar ELAN, a auna sauti da Praat, dukansu kyauta ne kuma ba su bukatar intanet. Darasin yaƙi da jahilci kuwa daga wani kwafi ake yanka shi, da Shotcut ko Kdenlive, waɗanda matsakaiciyar kwamfutar hannu ke iya ɗauka. A ƙaramar waya za a kalle shi, daga katin ajiya zuwa katin ajiya zai yi yawo, don haka a rage nauyinsa, a girmama rubutunsa. A kuma gwada ɓ da ɗ da ƙ da ƴ kafin a fitar da shi, domin salon rubutu da yawa ba su da su, sai su bar akwati fanko a wurinsu, ko mai tacewa ya gaji ya sa b da d da k. Salon Andika, wanda aka zana musamman don masu koyon karatu, yana da su duka. Don irin wannan darasi wayar salula da aka haɗa da makirufon wuya tana iya isa.

Saura wuta da ajiya. Yankewar wutar da ke zuwa daga Nijeriya, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, ta nuna cewa ko a gari ba a dogara da layi ɗaya. Farantin hasken rana da baturan canji suna cikin kayan aiki, ba ƙari ba ne. Katin ajiya kuwa ba ma'ajiya ba ne. Kowace yamma a kwafe aikin yini a faifai biyu, ɗaya ya tsaya Damagaram ɗaya ya tafi Yamai, inda cibiyoyin IRSH da CELHTO suka daɗe da adana muryoyi. A farkon kowace ɗauka a faɗi da baki ranar, da garin, da harshen, da shekarun mai magana, da inda ya tashi, sa'an nan a ɗauki yardarsa da muryarsa, a bayyana masa ko ɗakin bincike kaɗai maganar za ta tsaya ko kuwa za ta shiga wayoyin jama'a. Ga matan da ke cikin gida sau da yawa amsar ita ce a ɗauki murya a rufe kamara, kuma ya kamata a tanadi mace cikin ayarin domin wannan.