Manhajar gyaran Faransanci: me take kamawa a kundin ɗalibi?

A Adjamé da Treichville, yaran Hausawa na tashi da Hausa da Dioula, amma da Faransanci suke rubuta kundin digiri a Jami'ar Nangui Abrogoua ko ta Félix Houphouët-Boigny. Shi ya sa manhajoji irin su Antidote, wadda kamfanin Druide na Montréal ya fitar a 1996, da LanguageTool mai sigar kyauta ke da amfani.

Suna kama kuskuren jinsi, jam'i da sarrafa aikatau, su nuna jumlar da ta yi tsawo. Sai dai ba sa tantance hujja ko alƙaluma, kuma sukan ɗauki suna kamar Ɗanjuma a matsayin kuskure.

Don haka a karanta kowane gyara kafin a karɓa. Ranar kare kundi, ɗalibi ne zai amsa tambayoyin malamai.