Kwamfutar hannu taka ce, amma wa ke riƙe da mabuɗin?

Duk wanda ya taɓa riƙe iPad, ya kuma riƙe kwamfutar hannu mai Android irin su Samsung ko Tecno ko Itel, ya san akwai bambancin da ba a rubuta a jikin kwali. A mai Android, abokinka zai iya tura maka manhaja ta Xender, ka buɗe ta nan take ba ka taɓa datarka ba. A iPad kuwa ƙofa ɗaya ce tal, wato App Store. Manhajar da kamfanin Apple bai amince da ita ba, ba za ta shiga ba, ko da mahaifinka ya biya kuɗin na'urar lakadan. Shin daidai ne wanda ya sayar maka da kaya ya ci gaba da yanke maka abin da za ka zuba a ciki?

Apple ya buɗe App Store a 2008, ya fito da iPad a 2010, kuma hujjarsa ba ta canza ba tun daga lokacin: tsaro. Yana duba kowace manhaja kafin ta shiga kasuwarsa, don kada ɓarayin intanet su sami kafa. Mu da muke Najeriya bai kamata mu yi wa wannan hujja dariya ba. Mun ga abin da manhajojin ba da rance suka yi wa mutane. Mutum ya ci bashin 'yan dubbai, ya yi jinkirin kwana biyu, sai manhajar ta kwashe lambobin da ke wayarsa ta aika wa surukai da malamai da abokan aiki saƙo cewa ɓarawo ne. Sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta tashi tsaye, Google ya cire wasu daga Play Store, sannan a 2023 ya hana irin waɗannan manhajoji leƙa lambobi da hotunan mutane. Wasu da aka kora suka koma raba manhajarsu ta bayan gida, ta hanyar saƙon da za ka latsa ka sauke. Ƙofar da muke yabo a Android, ta nan suka dawo.

To amma ku lura da abu guda: da farko ta babbar ƙofa suka shigo, mai gadi yana zaune. Tantancewa tana rage ɓarna, ba ta kawar da ita.

Sannan mai gadin nan ba don Allah yake gadi ba. Apple yana karɓar har kashi 30 cikin 100 na kuɗin da aka kashe a kan manhaja ko kayan wasa a cikinta, ko da yake tun 2021 ya rage wa ƙananan masu ƙirƙira zuwa kashi 15. A watan Agustan 2020 kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya saka tasa hanyar biyan kuɗi a cikin wasan don kauce wa wannan kaso. A ranar aka fitar da Fortnite daga App Store, kuma bai koma kasuwar Amurka ba sai 2025, bayan shekaru ana fafatawa a kotu. Ba don satar bayanan yara aka cire wasan ba. Rigimar kuɗi ce tsakanin manyan attajirai biyu, masu wasan kuma suka zama ciyawar da giwaye suka tattake.

Abin da ya fi tayar mana da hankali ma ba kuɗin ba ne. Idan ƙofa ɗaya ce, duk mai iko da mai gadi yana iko da gidan gaba ɗaya. A 2017 Apple ya cire manhajojin VPN daga kasuwarsa ta ƙasar Sin saboda dokar gwamnati. A 2019 ya cire HKmap.live, taswirar da masu zanga-zanga a Hong Kong ke amfani da ita. A 2021 manhajar Quran Majeed, wadda miliyoyin Musulmi ke karatu da ita, ta ɓace daga kasuwar Sin bisa buƙatar hukumomi. Amsar kamfanin ita ce dole ya bi dokar ƙasar da yake kasuwanci a cikinta. Mai Android zai iya neman manhajar a wani wuri. Mai iPad sai haƙuri. Yayyenku sun tuna lokacin da gwamnati ta rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da yadda kowa ya koma VPN. Ko kana goyon bayan rufewar ko ba ka yi, ka ga yadda lamarin zai kasance da a ce ofishi ɗaya kawai za a buga wa waya a ce ya janye manhajojin.

Tarayyar Turai ta ga haka ta yi doka a kan manyan kamfanonin fasaha. Daga 2024, mai iPhone ko iPad a ƙasashenta yana iya sauke manhaja daga wasu kasuwanni ban da App Store, duk da cewa Apple yana yi musu gajeriyar tantancewa. Ke nan iPad iri ɗaya, a Faransa tana da ƙofofi, a Kano ko Zinder tana da guda. Wannan ya nuna mana kullen ba larurar na'ura ba ne, shawara ce.

Kada wani ya ɗauki wannan shafi ya kai wa Baba ya ce jarida ta ce a cire masa kulle. Wannan maganar daban ce. Idan iyaye suka saita Family Link ko Screen Time, ko makaranta ta kulle na'urorin da ta raba, mai kaya ne ya kulle kayansa, kuma ya san yaron da yake kullewa dominsa. Jihar Osun ta raba wa ɗaliban sakandare Opon Imo a 2013 cike da littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, don karatu aka yi ta ba don kallo ba. A shekarar kuma makarantun birnin Los Angeles suka raba iPad a kulle, cikin 'yan kwanaki ɗaruruwan ɗalibai suka gano yadda ake buɗewa. Yara dai yara ne ko'ina.

Ra'ayinmu shi ne na'ura ta zo a kulle, da gargaɗi ƙarara, amma mabuɗin ya kasance a hannun wanda ya saya. Haka Android take zuwa yanzu: sai ka shiga saiti da kanka ka ba da izini kafin manhajar waje ta shiga. Sai dai ita ma ta fara matse ƙofa. A 2025 Google ya sanar cewa zai buƙaci masu ƙirƙirar manhaja su tabbatar da ko su wane ne, ko da ba ta Play Store suke rabawa ba, kuma zai fara da Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan.

Kafin a saya muku, ku tambayi mai shago kasuwar manhajar da ke ciki. Fire ta kamfanin Amazon ba ta zuwa da Play Store, haka ma sababbin na'urorin Huawei tun bayan takunkumin Amurka na 2019. Tsohuwar iPad ta hannu kuma, komai kyan fuskarta, idan ta daina karɓar sabuntawa, manhajoji da yawa za su ƙi sauka, kuma babu Xender da zai cece ku.