"Na faɗa wa na gaba da ni": maganar da ba ta ceci yaro ko ɗaya ba

A watan Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta amince za ta biya dala miliyan 138.7 ga mutum 139 da likitan nan Larry Nassar ya yi lalata da su, da yawansu tun suna ƙananan yara. Duk inda zancen ya taso a wajenmu, ɗaya daga abu biyu ake tsayawa a kai: ko yawan kuɗin, ko kuma a girgiza kai a ce lalacewar Turawa ce ta kai haka. Duka biyun sun kauce wa abin da ya faru. Nassar ya daɗe a kurkuku, tun Janairun 2018 alƙaliya Rosemarie Aquilina ta yanke masa ɗaurin shekara 40 zuwa 175, bayan mata fiye da 150 sun tsaya a gabanta ɗaya bayan ɗaya sun faɗi abin da ya yi musu. Gwamnati kuwa ba ta taɓa jikin yarinya ko ɗaya ba. Abin da take biya laifin jami'an hukumar FBI ne, waɗanda aka kai wa ƙorafi a Yulin 2015 suka ajiye shi fiye da shekara guda, mutumin yana ci gaba da duba 'yan mata a asibitin wasanni na Jami'ar Michigan State. Rahoton babban mai binciken ma'aikatar ya ambaci 'yan mata kusan 70 da ya ci zarafinsu a cikin wannan jinkirin. Ita ma jami'ar dala miliyan 500 ta biya a 2018, domin 'yan wasa sun ce tun 1997 suke kai kuka ana mayar da su. Waɗanda suka ji suka yi shiru ne ake ci wa tara, kuma a kansu ya kamata a yi magana.

Babu inda aka ga yadda wannan shiru yake aiki dalla-dalla kamar Jami'ar Penn State da ke jihar Pennsylvania. Ƙwallon Amurka, mai kama da zari-ruga, ita ce ran wannan jami'a: filinta yana ɗaukar 'yan kallo fiye da dubu ɗari, kocinta Joe Paterno kuma ya riƙe ƙungiyar tun 1966, har gunkinsa aka kafa a bakin filin yana da rai. Tsohon mataimakinsa Jerry Sandusky ya kafa gidauniyar tallafa wa yara marasa galihu a 1977, mai suna The Second Mile, a nan yake zaɓar yaran da zai ɓata.

Wata ranar Juma'a da dare, a Fabrairun 2001, wani matashin mataimakin koci mai suna Mike McQueary ya shiga ɗakin canjin kaya na 'yan wasa don ya ajiye takalmi. Ya ji motsi daga wurin wanka, ya leƙa, ya ga Sandusky tsirara da wani yaro da bai wuce shekara goma ba. Bisa shaidar da ya bayar daga baya, ya buga ƙyauren akwatin kayansa da ƙarfi don su san akwai mutum, ya ga sun rabu, sannan ya fita. Yaron yana nan a ɗakin tare da Sandusky. McQueary ya kira mahaifinsa a waya. Gari na wayewa ya tafi gidan Paterno ya ba shi labari. Paterno bai gana da daraktan wasanni, Tim Curley, ba sai ranar Lahadi, kuma ya taɓa cewa bai so ya ɓata wa mutane hutun ƙarshen mako ne. Sai bayan kusan kwana goma Curley da mataimakin shugaban jami'a Gary Schultz suka zauna da McQueary. Saƙonnin da suka rubuta wa juna, waɗanda binciken da tsohon shugaban FBI Louis Freeh ya jagoranta ya fito da su a 2012, sun nuna da farko sun shirya sanar da hukumar kula da yara ta jiha. Daga baya Curley ya rubuto cewa ya sake tunani bayan ya yi magana da Paterno, gara a fara jan kunnen Sandusky. Shugaban jami'a Graham Spanier ya yarda, ya kira wannan hanya ta tausayi, har ya lura cewa illarta kawai ita ce in mutumin bai ji ba, su za a kama da laifin rashin kai rahoto. Aka hana Sandusky kawo yara harabar wasanni, aka gaya wa shugaban gidauniyarsa, aka rufe magana. A cikin manyan nan duka babu wanda ya nemi sanin sunan yaron, balle ya tambayi inda ya kwana a daren.

Kuma wannan ba shi ne na farko ba. A 1998 wata uwa ta kai ƙara wajen 'yan sandan jami'a da ɗanta ya dawo gida da jiƙaƙƙen gashi ya ce Sandusky ya yi wanka da shi. An bincika, mai gabatar da ƙara bai shigar da tuhuma ba. A 2000 wani mai shara ya ga abin da ya firgita shi a wurin wankan nan, shi da abokan aikinsa suka haɗiye don tsoron kora. Sandusky bai shiga hannu ba sai Nuwamban 2011, bayan wata makarantar sakandare ta kai rahoton kukan ɗalibinta, kuma 'yar jarida Sara Ganim ta bi diddigin zancen. An same shi da laifi 45 a kan yara goma, wasunsu bayan 2001 ya same su.

A makon da aka kama shi, shugaban 'yan sandan jihar, Frank Noonan, ya ce Paterno ya yi abin da doka ta ɗora masa, amma akwai nauyin da ke kan kowane mutum na ya kira 'yan sanda, ko koci ne ko mai share ɗaki. Jami'a ta sallami Paterno, ɗalibai dubbai suka fito zanga-zanga har suka kifar da motar gidan talabijin, don kare kocin. Iyalansa har yau suna musanta cewa ya san girman abin ko ya haɗa baki a ɓoye shi, kuma shi kansa kafin rasuwarsa a Janairun 2012 ya ce da ya san haka da ya yi fiye da abin da ya yi. Ban ga amfanin tsayawa auna zuciyar mamaci ba. Abin da ke a fili ya isa: mutumin da ya fi kowa faɗa a ji a garin ya miƙa maganar ga wani, bai sake waiwayarta ba.

Masu jayayya a kan abin da doka ta ce da abin da ba ta ce ba sukan yi kamar dokar daga sama ta faɗo. Tarihinta kuwa, wanda ba a cika ba da shi ba, tarihin mutanen da babu wanda ya tilasta musu ne. A ƙarshen 1873, a wata unguwar talakawa ta birnin New York, wata mata mai ziyartar marasa lafiya a madadin cocinta, Etta Wheeler, ta ji daga maƙwabta cewa akwai yarinyar da ake kullewa a ɗaki ana duka. Ta nemi dalili ta shiga gidan, ta ga yarinyar da idonta cikin tsananin sanyi, babu takalmi, jiki duk shatin bulala, tana wanke kwanoni. Sunanta Mary Ellen, shekarunta wajen goma, amma tsayinta bai wuce na 'yar shekara biyar ba. Wheeler ta yi watanni tana yawo tsakanin hukumomi, kowa yana nuna mata ba huruminsa ba ne shiga tsakanin mai riƙo da 'yar riƙonta. A ƙarshe ta je wajen Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a 1866. Shi da lauyansa Elbridge Gerry suka samo umarnin kotu, aka ɗauko yarinyar a nannaɗe da bargo, da sabon yanka na almakashi a fuskarta. Matar da ta riƙe ta ta sha ɗaurin shekara ɗaya, kuma daga wannan shari'a aka kafa ƙungiyar kare yara ta New York, ta farko irinta a duniya. Mary Ellen ta girma a hannun dangin Wheeler, ta yi aure, ta sa wa 'yarta suna Etta, ta rasu a 1956 tana da shekara 92. Wheeler ba 'yar sanda ba ce, ba dangin yarinyar ba ce, kuma an riga an gaya mata sau da dama cewa ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ba ta ɗauki haka a matsayin ta fita hakki ba tunda yarinyar tana cikin ɗakin.

Likitoci sun fi kowa daɗewa suna kawar da kai. Tun 1860 wani likitan Faransa, Ambroise Tardieu, ya rubuta bayanin yara 32 da aka azabtar, yawancinsu a hannun iyayensu, abokan aikinsa suka yi biris da shi. A 1946 John Caffey, masanin hoton ƙashi a New York, ya ba da labarin jarirai shida masu zubar jini a ƙwaƙwalwa da karaya a hannu da ƙafa, bai iya fitowa fili ya ce wa ya karya su ba. Sai a 1962 Henry Kempe, likitan yara a Denver wanda ya tsere daga Jamus ta Hitler yana saurayi, ya fito da abokan aikinsa suka ce duka ne, kuma likitoci suna gani suna ƙin yarda. Daga 1963 zuwa 1967 jihohin Amurka 50 duka suka yi dokar tilasta kai rahoto, ta tarayya ta biyo a 1974. An yi dokokin ne saboda an gane masu ilimi da muƙami ba sa magana sai an tilasta musu. Doka ita ce mafi ƙanƙantar abin da ake nema daga wanda ba ya son yi. Abin baƙin ciki ne a ga manyan jami'a suna fakewa da ita kamar ita ce iyakar mutunci.

Ramin da ke cikin dokar Pennsylvania a 2001 shi ne ta yarda ma'aikaci ya sanar da shugabansa, shugaba ya kai gaba. Magana kuwa duk hawa ɗaya da ta yi sai ta rage zafi: abin da McQueary ya ce ya gani ya isa ofishin Spanier a matsayin wasan banza a wurin wanka, inji shugabannin. Kowane mai karɓa yana da abin da zai rasa, kuma na sama ya fi na ƙasa. Jihar ta toshe ramin a 2014: wanda ya gani shi zai kira layin hukumar yara da kansa, sannan ya sanar da oga. A 2018 majalisar Amurka ta ba manya a ƙungiyoyin wasannin 'yan koyo awa 24 su kai rahoto ga hukuma, bayan an ga hukumar wasan alkafura ta ƙasar ta yi mako biyar tana binciken cikin gida a kan likitanta Nassar kafin ta je FBI. Curley da Schultz da Spanier duka sun ɗanɗana gidan yari a ƙarshe.

Na san abin da ke tsayar da mutumin kirki: tsoron ƙazafi, da tsoron zubar da mutuncin dattijo a kan zato. Tsoron yana da tushe. Amma kai rahoto ba yanke hukunci ba ne, miƙa magana ne ga masu ikon bincike, kuma wanda ya ƙi miƙawa shi ne ya yanke hukunci shi kaɗai a ɓoye, ya wanke babba ya bar yaro. Tausayin da Spanier ya ambata Sandusky ya yi wa. A harkar wasanni abin ya fi muni, domin koci ne yake riƙe da gurbin karatu da tafiya gasa da makomar yaro, shi yake kwana da su a masauki, taɓa jiki kuma yana cikin aikin. Yaron da ya buɗe baki ya san zai iya rasa duka.

Wanda yake ganin nesa ce ya dubi Mali. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fito da koken 'yan matan ƙwallon kwando na ƙasar a kan kocinsu Amadou Bamba, aka kama shi aka tuhume shi, binciken da hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta sa aka yi kuma ya nuna an daɗe ana sani ana dannewa. A garuruwanmu makarantun koyon ƙwallo sun cika unguwanni, iyaye suna miƙa 'ya'yansu ga koci da burin Turai, yaro ya yi kwanaki a sansani babu mai tambayar da wa yake kwana. In abu ya faru, kalmomin a shirye suke: a rufa asiri, a kashe maganar a cikin gida, kada a ɓata wa yaro suna, a bar wa Allah. Asirin da ake rufawa na mai laifi ne, shi kuma gobe zai koma wata unguwa ya tara wasu yaran.

Najeriya tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2003, Kano ma ta sa hannu a tata a 2023. Me kwamishinonin wasanni da shugabannin jami'o'i da hukumomin ƙwallo na jihohi suke jira? Su rubuta ƙa'ida ɗaya, su liƙa ta a ƙofar kowane ɗakin canjin kaya da kowane sansani, da Hausa da Turanci: duk wanda ya ga ko ya ji an taɓa yaro, koci ne ko mai gadi ko direban ƙungiya, ya fara fitar da yaron daga wurin, ya kira 'yan sanda ko ofishin jin daɗin jama'a da kansa a ranar, sannan ya gaya wa shugaba. A sa lambar wayar a jiki, a rubuta cewa ba za a kore shi a kan haka ba. Makarantar ƙwallon da ta ƙi liƙawa kada a yi mata rajista, iyaye kuma su tambayi takardar kafin su biya kuɗin fom.