Maraƙi, Ɗan Tunkiya da Gasasshen Nama: Nazarin Wasu Kalmomin Latin

1.0 Gabatarwa

Harshen Latin, wato harshen Rumawan da, shi ne ya haifi Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci da harsunan Fotugal da Romaniya. Wannan maƙala za ta duba kalmomin da Rumawa ke amfani da su wajen ambaton naman maraƙi da na ɗan tunkiya da kuma gasasshen nama. Manufa ita ce a bayyana ƙirarsu da tushensu, sannan a nuna cewa ba kowace kalma da ke cikin rubutun manyan marubuta ce 'ya'yan harshen suka gada ba.

2.0 Ƙirar Sunayen Nama

Kalmar 'nama' a Latin ita ce caro, kuma jinsinta na mace ne. Inda Bahaushe ke sa mahaɗin -n ya ce 'naman maraƙi', Barume yakan ƙera sifa ne daga sunan dabbar ta hanyar liƙa ɗafa-ƙeya, galibi -ina. Da yau da gobe sai aka riƙa jefar da caro, sifar ta tsaya da ƙafarta a matsayin suna:

(1) vitulus 'maraƙi' > vitulina 'naman maraƙi'
(2) agnus 'ɗan tunkiya' > agnina 'naman ɗan tunkiya'
(3) haedus 'ɗan akuya' > haedina 'naman ɗan akuya'
(4) porcus 'alade' > porcina 'naman alade'

Wannan ne dalilin da ya sa sunayen duk suka zamo na mace, ko da dabbar namiji ce. Tsarin tsoho ne ƙwarai. A wasan kwaikwayon Aulularia na Plautus, wanda ya rasu wajen shekarar 184 kafin Miladiyya, wani tsoho marowaci ya dawo daga kasuwa yana kukan tsada, ya jero sunayen nama da irin wannan ƙira, ba tare da caro ba. Naman sa kuwa bubula ake ce masa, da wata ɗafa-ƙeyar dabam.

3.0 Vitulus

Masana tarihin harsuna sun danganta vitulus da saiwar *wet- ta uwar harsunan Indiya da Turai, mai ma'anar 'shekara'. Ke nan asalin ma'anar kalmar ita ce 'ɗan shekara guda'. Daga wannan saiwa aka sami etos 'shekara' a Girkanci, da vatsa 'maraƙi' a Sanskirit, da wether 'dandaƙaƙƙen rago' a Ingilishi. Abin lura shi ne, ita ce kuma ta ba da vetus 'tsoho' a Latin ɗin kansa, wato mai tarin shekaru. Saiwa ɗaya ta haifi sunan ƙaramin dabba da sifar tsufa.

Tun zamanin da, marubuta irin su Varro (116 zuwa 27 kafin Miladiyya) sun alaƙanta sunan ƙasar Italiya da wata tsohuwar kalmar shanu. A yaƙin da ƙawayen Rum suka tayar mata a shekarar 91 kafin Miladiyya, sun buga kuɗi masu ɗauke da sunan Víteliú a harshen Oskan, wasu ma da hoton bijimi yana tunkuyin kyarkecin Rum. Har yanzu dai masana ba su haɗu a kan wannan asali ba.

Siffar ƙanƙantawa ta vitulus ita ce vitellus, kuma ita ce ta rayu a bakin talakawa. Ta zama vitello a Italiyanci, da veel a tsohon Faransanci, wadda ta koma veau a yau. Bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, Ingilishi ya ari kalmar ta zama veal, amma ya keɓe ta ga nama kawai, ya bar wa dabbar tsohon sunanta calf. Sifaniyanci kuwa ya bi wata hanya, ya ƙera ternera daga tener 'mai taushi'.

4.0 Agnus

Agnus na da 'yan'uwa a amnos ta Girkanci da úan ta tsohon harshen Ailan. A nan ma siffar ƙanƙantawa, agnellus, ita ce ta ba da agneau a Faransanci da agnello a Italiyanci da miel a harshen Romaniya. A Sifaniya kuwa cordero ta samo asali daga sifar cordus, wadda makiyaya ke yi wa ɗan tunkiyar da aka haifa a makare. Kamar yadda aka gani a 2.0, sifa ce ta sake kore sunan da take rakiya.

Bambanta ƙaramin dabba da babba ba ado ba ne, magana ce ta kuɗi. A dokar ƙayyade farashi da Sarki Diocletian ya kafa a shekarar 301 Miladiyya, awo ɗaya na Rumawa, kimanin giram 327, na naman sa ko akuya ko rago dinari 8 ne, alhali na ɗan tunkiya da ɗan akuya da alade dinari 12 ne.

5.0 Assum

Sifar assus na nufin 'gasasshe', daga gare ta aka sami assum da assatura 'gasasshen nama' da aikatau assare 'gasa'. Kishiyarta ita ce elixus 'dafaffe cikin ruwa'. A littafinsa De Lingua Latina, Varro ya yi hasashen cewa mutane sun fara cin gashi ne, sannan dafaffe, sannan mai romo. Ya kuma ce an kira shi assum domin naman yakan yi gumi a kan wuta, yana mai jingina kalmar da aikatau na gumi. Masanan zamani ba su karɓi wannan ba. Sun fi danganta ta da arere 'bushe' da ardere 'ƙone'. Yadda ake amfani da kalmar ya goyi bayansu: assa vox ita ce murya zalla ba kiɗa, assa nutrix kuma mai reno da ba ta shayarwa. Ma'anar 'busasshe, ba haɗi' ce ta ɗinke su duka.

Littafin girkin da ake jingina wa Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, ya ware sashe ga assaturae, ya kuma yi amfani da vitellina tare da vitulina, abin da ke nuna siffar ƙanƙantawa ta riga ta shigo. Assare ta rayu a asar da asado na Sifaniyanci da assar ta Fotugal. A Faransa kuwa ta mutu, rôtir ta harshen Farankawa ta gaje ta, daga nan Ingilishi ya sami roast.

6.0 Kammalawa

Wannan ɗan nazari ya nuna abubuwa uku. Na farko, sifa kan maye gurbin sunan da aka saba jefarwa. Na biyu, harsunan da Latin ya haifa sun gaji maganar kasuwa da ta makiyaya fiye da ta littattafai. Na uku, kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ce ta asali. Varro ɗan harshe ne kuma malami, amma ya kauce a kan assum. Mai bin diddigin kalmomi irin su tsire da balangu da kilishi na bukatar hujjar da ta wuce kamanni: daidaiton sauye-sauyen sauti, da shaidar yadda masu harshen ke amfani da kalmar.