3.2 Harajin Kuɗin Shiga a Ƙananan Hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku da ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa suka saba yi, wato: wa ke karɓar wannan haraji, a kan me ake ɗora shi, kuma nawa ake biya. Kafin nan, ya kamata a bambanta shi da harajin zamanin En'e, wanda dagatai da masu unguwanni suke tarawa daga kowane baligi, da kuma jangali wanda ake biya a kan shanu. Shi harajin kuɗin shiga samun mutum yake dubawa a shekara.

3.2.1 Wa ke Karɓa?

Tun daga Dokar Soja mai lamba 104 ta 1993, wadda aka yi wa gyara a 2011, jihar da mutum yake zaune ita ke da haƙƙin harajinsa. Saboda haka, ɗan kasuwar da gidansa yake Gummi, ko da yana cin kasuwannin jihar Kebbi ko Sakkwato, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Zamfara zai biya. Ma'aikaci kuwa ana cire nasa daga albashi kowane wata. A nan ne ake samun ruɗani, domin kuɗin rumfa da na tasha da na mahauta na ƙaramar hukuma ne, kuma biyansu ba ya sauke harajin jiha. Haka ita ma zakka ibada ce mai zaman kanta.

3.2.2 A Kan Me Ake Ɗora Shi?

A kan riba ake ɗora shi, ba a kan jari ko jimillar ciniki ba. Misali, mai sayar da hatsi a Bukkuyum ya yi cinikin naira 5,000,000 a shekara, alhali kuɗin sari da na mota da dako da hayar shago sun ci naira 3,800,000. Ribarsa ita ce naira 1,200,000, kuma ita kaɗai za a duba. Sai dai wanda ba ya rubuta shiga da fitar kuɗinsa ba shi da hujja, don haka jami'i zai yi masa ƙiyasi, wanda yana iya zarce ainihin samunsa.

3.2.3 Nawa Ake Biya?

A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar haraji, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. A ƙarƙashinta, naira 800,000 na farko ba su da haraji. Naira 2,200,000 da ke biye ana cire musu kashi 15 cikin ɗari, daga nan adadin yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura naira miliyan 50. Bisa wannan lissafi, mai hatsin da aka ambata zai biya kashi 15 na naira 400,000, wato naira 60,000, kafin a duba rangwamen da doka ta ba shi, kamar na hayar gida.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa littafin lissafi da rasidi su ne garkuwar ƙaramin ɗan kasuwa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum. Da su ne zai nuna cewa samunsa bai kai abin biya ba, ko ya ƙalubalanci ƙiyasin da ya yi masa nauyi.